Kujera Ta Biyu, Gefen Taga

Shekara talatin da ɗaya ina ƙarƙashin jirgi
a Duluth, inda sanyi ke cizon kunne har ya bar shaida.
Ta ƙasa na san jirgi:
ramin kaya, durƙuso, gwiwa kan ƙarfe,
akwatin da aka rubuta wa "a bi a hankali"
ba wanda ya taɓa bin sa a hankali.
Ashe can sama har tawul mai ɗumi ake rabawa.

Maren ce ta aiko da tikiti.
Ta ce, "Baba, jikarka ta fara tatata,
zo Albuquerque kafin ta fara gudu."
Na ce ɓarnar kuɗi ce.
Ta kashe waya.

Ma'aikaciyar jirgi ta rusuna, ta ce "Mista Lahtinen",
ba ta ci ko harafi ɗaya ba,
ta karɓi tsohuwar kwat ɗina ta rataye
sai ka ce kwat ɗin na da muƙami.
Kofi a tangaran. Gyaɗa a ɗan kwano.
Na miƙe ƙafa, ta rasa abin tokara,
ta dawo da kanta don kunya.
Kafin in gano maɓallin kwantar da kujera
mun sauka Minneapolis.

Awa uku kafin jirgi na biyu.
Maren ta biya har da ɗakin hutun manya,
mai ƙofar gilashi da ke buɗe kanta.
Ciki shiru, kamar gidan da jariri ke barci.
Maza na magana da abin kunnensu,
wata ta tuɓe takalmi ta rungume jaka tana gyangyaɗi.
Na ɗebi romon shinkafar daji,
na tambayi mai goge teburi nawa ne.
Sunanta Pakou, haka ƙirjinta ya ce.
Ta yi dariya da ido kawai: "An riga an biya."
Duk da haka, tuffa biyun da na sa a aljihu
sai da na waiga.

Na ja kujera bakin taga.
Ga su can ƙasa, rigunan ruwan lemo cikin dusar ƙanƙara,
numfashinsu na fita fari-fari.
Ga akwatina, koren nan,
da jan zaren ulu da Ilona ta ɗaura masa
shekarar da ta rasu.
Wani yaro ya sunkuya ya ɗauke shi da baya.
Da gwiwa, yaro, da gwiwa!
Na ƙwanƙwasa gilashi.
Wani mai lakataye ya ɗago ya dube ni,
yaron bai ji ba.
Ya wurga shi. Ya faɗi kan kusurwa.
Dokin katakon da na sassaƙa wa Signe na ciki,
naɗe da safa uku.

Na jira fushi, bai zo ba.
Na san nauyin akwati na ɗari huɗu a yini,
lokacin da yatsu sun daina jin kansu.
Na wurga na mutane. Yau an wurga nawa.
Romon ya huce a hannuna.

Na kwashe kwanona zan kai,
Pakou ta ce in bari, aikinta ne.
Muka ɗan ja, ita da ni, kan kwano ɗaya,
har na saki.

A jirgi na biyu mu aka fara kira.
Na zauna, na cire takalmi kamar waccan matar.
Sai na ji ta a tafin ƙafa:
ƙofar ramin kaya ta rufe, dim.
Da mu ne, sai a mari cikin jirgi sau biyu,
wato tafi lafiya.
Ban san ko yaran yanzu na yi ba.
Na buga diddige a ƙasa, ɗaya, biyu.
Aka miƙo mini tawul,
na riƙe shi a gwiwa har ya yi sanyi.