Ƙugu Ya Kai Ƙara

A bayan gidan Mumuni, can cikin Asawase,
muka kafa rumfa da tsohon kwanon rufi.
Ƙarfenmu ba na kanti ba ne:
gindin tayar mota ne daga Suwame,
da gwangwanin madara cike da siminti,
an soke su da bututun famfo.
Madubi ɗaya, tsagagge,
sai ya raba mutum biyu kafin ya nuna masa ƙirjinsa.

Laraba ce, bayan la'asar.
Yara a kan katanga suna kirana Katafila.
Na ce a ƙara faranti biyu.
Mumuni ya ce, "Jiya ma da ƙyar ka miƙe."
Na ce jiya ta wuce.
Na sunkuya, gwiwa a sanƙare, baya kamar lauje,
na fizga.

Babu wanda ya ji sai ni,
wani ɗan ƙas ƙasa da ɗamara,
kamar tsinken tsire ya karye a aljihu.
Ƙarfe ya koma ƙasa. Yara suka yi tafi,
sun ɗauka na gama ne.

Da asuba ƙugu ya kai ƙarata.
Takalmi ya yi mini nisa kamar Tamale,
buta na gabana tana kallona,
atishawa kuwa sai na roƙe ta ta dakata.
Na yi salla a kujerar roba,
a sahun tsofaffi, ni mai shekara ashirin da tara.
Baba Isaka ya matsa mini wuri, bai ce uffan ba.
Da ma zagina ya yi.

A tiro-tiro, hanyar asibiti,
kowane rami na titin Aboabo
sai da ya gaishe ni ta ƙashin baya.
Likita ta danna nan, ta danna can, ta sa na ɗaga ƙafa.
"Ba karaya ba ce, nama ne ya yi fushi.
Kada ka kwanta kamar tabarma, yi ɗan tattaki,
kuma ko buhun gawayi ban yarda ba.
In ƙafa ta mutu, ko fitsari ya ƙi jin magana, dawo da gudu."
Na ce da gudu? Ta yi dariya. Ni ban iya ba.

Safura ta dafa ruwa, ta kawo tsumma da man kaɗanya,
tana gasa mini tana lissafi:
ƙwai nawa na sha ɗanye,
sidi nawa na zuba a garin ƙara tsoka.
"Duk faɗin ƙirjin nan, jarkar ruwa ni ke ɗauka."

Rana ta tara Baba Isaka ya zo dubiya da goro biyu.
Shekara talatin yana dako a Kejetiya,
albasar Bawku, masarar Teciman,
har yau bayansa bai san sanda ba.
Bai yi mini wa'azi ba, Rakiya ya nuna da haɓa,
'yar shekara biyu, tana kokawa da tukunyar uwarta.
"Dube ta. Ɗuwawu ƙasa, kaya a jikin ƙirji,
baya a miƙe kamar taɓarya, ƙafa ke tashi da ita.
Kai ma haka ka iya,
kafin madubi ya koya maka wani abu dabam."

Mako shida na yi ina zagaya unguwa a hankali,
har mai koko ta san sawuna.
Yau na koma rumfa.
Na zare farantan duka, na bar bututu tsirara,
na tsuguna irin na Rakiya, na ja numfashi, na tashi.
Sau biyar. Na ajiye.
Ƙugu ya yi gyaran murya, bai yi magana ba.

Yaran katanga sun sami wani Katafilan,
wani sabon yaro mai gashin baki uku.
Ina ji yana cewa a ƙara faranti biyu.
Na ɗaure takalmina da kaina,
na nufe shi.