Kujera ta Arba'in da Biyu

Ila, rage gawayin nan, kada shayin ya ƙone.
Tunda an ɗauke wuta a Ɗan Gulbi,
ku jawo benci in ba ku na ranar Asabar,
ranar da aka sallame mu daga kwas ɗin kiwon awaki,
aka ce kowa ya je ya ba idonsa abinci.

Tikiti ya ce takwas da minti bakwai.
Na yi dariya. Wane ne kuma minti bakwai?
Ni da na saba da motar Madarunfa,
wadda ba ta tashi sai ta ƙoshi,
sai an jira matar da ta sauka sayen ƙosai.
Takwas da bakwai, ƙofa ta rufe bakinta da kanta.
Wani ya iso a guje yana jan akwati,
ya dafa gilashi, muka wuce shi.
Ba wanda ya ce direba tsaya.

Na yi sallama da ƙarfi, yadda aka hore ni.
Mutum ya kai sittin. Ko tari.
Sallamata ta bi layin kujeru har ƙurya,
ta dawo mini kamar tsohon kuɗin da aka daina karɓa.

Gabana kare ne, cikin riga mai zif,
yana kallona kamar ni ne na shigo ba izini.
Ta taga, shanu kamar an hura su,
ƙararrawa a wuya, ba makiyayi, ba sanda,
ba mai gona a baya yana rantsuwa.
Na ce a raina, jar akuyarmu
da ta ga ciyawar nan sai ta suma.

Tsahara ta cusa mini ayar gida a jaka.
Na kwance leda, na miƙa wa tsohuwar da ke gefena:
bisimilla.
Ta jawo jakarta, ta rungume.
Lawali, dariya kake?
Ayar ta yi mini ɗaci har muka sauka.

Garin yana bakin tafki, ruwan kamar an tace.
Sai da na jefa tsaba kafin bayi ya buɗe mini.
Na yi la'asar bayan wurin ajiye kekuna,
wani yaro ya tsaya yana lasar ƙanƙara
har na sallame.
Ƙarfe tara rana tana nan, ta ƙi faɗuwa,
kamar baƙon da ya ji ƙamshin miya.

A komowa, kujera ɗaya, kuma ga ta.
Da safe da furanni a hannunta, yanzu babu.
Na kau da kai.
Sai na ji yatsa a gwiwar hannuna.
Tana nuna ledar.

Ƙwaya ɗaya ta ɗauka. Haƙoran roba suka kasa.
Ta yi dariya har ta share ido,
ta ce kabarin mijinta ta je.
Da guntun Faransancina na lakkol na tsinci sauran:
ɗa ɗaya, yana wata ƙasa,
kuma yau kwana huɗu bakinta bai buɗe wa kowa ba
sai ni.

Kwana huɗu, Ila.
Nan ko zazzaɓi ka yi na yini ɗaya
sai ka gaji da amsa sannu.

Na bar mata ledar, na ce ta jiƙa tukuna.
Ban tambayi sunanta ba. Jirgin minti biyu ya ba ta.

Shekaranjiya a tasha, awa biyu muna jiran mutum ɗaya,
na kama kaina ina duba agogo ina tsaki,
har wani dattijo ya ce, malam, lafiya?
ya ɓare goro ya ba ni rabi.

Zuba na biyun.
Kuma wa zai bi ta Bagalam gobe?
Tun azumi ban leƙa Gwaggo Indo ba.