Tafkin Bayan Shere

Da damina muka fara hawa,
ni da Izang da karensa mai karyayyen kunne.
Mun bar Lamingo gari bai gama wayewa ba,
da gora biyu, dafaffen dankali a leda,
da yaji a ƙullin takarda.
Ciyawa ta kai ƙugu,
kafin mu wuce shingen ƙerana
raɓa ta jiƙa mana wando sharkaf.

Dutsen Shere ba ya son gaggawa.
Ka taka nan ya ba ka santsi,
ka dafa can gansakuka ta kwashe maka hannu.
Izang na gaba, tun yana yaye yake hawan wurin,
ni ina baya ina haki,
ina tsine wa kujerar ofis da ta cinye mini gwiwa.
A tsakiyar hanya gajimare ya sauko ya rufe mu,
na daina ganin takalmina,
sai fito da Izang ke yi wa kare nake bi.

Da ya yaye, ga tafkin a ƙasanmu,
cike maƙil har wuyan duwatsu,
kore shar, ko motsi babu.
Wata shamuwa a bakinsa tana aunawa da ƙafa ɗaya.
Na ce, Allah mai iko.
Izang ya ɓare dankali ya ce,
ruwan dai na Allah ne,
amma ramin, tambayi kakanka.

Jatau sunansa.
Daga Kazaure ya zo da ƙafa, neman kuɗin haraji,
ya yi shekara goma sha ɗaya yana ɗaukar ƙasar kuza a ka.
Na san shi da sanƙo mai kanta a tsakiya
da tari mai hana gida barci.
Bai taɓa ce mini ya haƙa tafki ba.

Na koma da hunturu, ni kaɗai.
Izang ya sami aikin gadi a Abuja,
karen kuma wani ya ce mota, wani ya ce tsufa.
Riga uku na sa, da hular ulu,
duk da haka sanyi ya sami hanyar haƙarƙarina.
Ciyawar nan ta kwanta, ta yi launin zuma,
raɓa ta daskare a kanta tana ƙaras-ƙaras in na taka.
Dutse ya bushe, ya daina yaudara,
yatsuna ne suka ƙi lanƙwasuwa.
Na ɓata hanya sau biyu, ba mai fito.

Ruwa ya janye kamu goma ko fiye,
ya bar zobe fari a jikin dutse,
tururi na tashi daga fuskarsa kamar tukunyar koko.
Na gangara inda da damina sai kifi.
A cikin busasshen taɓo wani abu ya yi baki:
kwanon kuza, tsatsa ta ci gindinsa,
kunne ɗaya ya cire.

Na tono shi da sanda,
na cika shi da ƙasa, na naɗe hulata gammo,
na aza.
Taku bakwai na yi.
A na takwas wuyana ya ce a'a.

Na zauna a dutse mai sanyi ina sauke numfashi,
ƙasa a gashina, ƙasa a wuyan riga.
Na buɗe fulas, shayin ya riga ya huce,
na sha a haka.
Na kira Izang, babu sabis.

Kwanon na kife shi inda na same shi.
In Yuni ya zo ruwa zai sake rufe shi.
Na fara sauka rana na duka keyata,
ina dafa gwiwa,
ina ƙirga goma sha ɗaya da damina da rani.