Mai Gyaran Agogo a Cikin Kulle

Rumfata tana bakin 'Yar Kutungu.
Shekara ashirin da shida ina buɗe cikin agogo,
in hure ƙasa, in ɗiga mai,
in mayar da lokaci ga masu shi.
Sai ga ranar da aka ce kowa ya zauna gida.
Na garƙama kwado, na jefa makulli aljihu,
na taho da agogo bakwai na mutane
da ba su zo karɓa ba.

Makon farko na lalace.
Barci da hantsi, barci bayan azahar,
rediyo a kunne, ana ƙidayar waɗanda cutar ta kama,
ƙafata ta kumbura kamar salka.
Tasalla ta dube ni ta ce,
"Mai gyaran lokaci, naka ya tsaya."

Ta yi mini ɗaci, amma ɗacin maɗaci magani ne.

Sai na jera agogunan a kan taga,
na ba kowanne aikinsa.
Na Alhaji Mati, mai ƙararrawa, shi ke tashe ni da assalatu.
Salla a tsakar gida, ni liman, iyali sahu,
masallacin unguwa na can da ƙofa rufe.
Daga nan tafiya:
daga bakin rijiya zuwa gindin zogale taku goma sha tara,
in je in dawo sau arba'in,
tun kaji na watsewa har suka daina kula ni.
Koko ba sukari. Likita ya hana tun bara,
bana na fara jin maganarsa.
Sabulu da buta a bakin zaure,
Ɗanliti autanmu ya zama ɗan sandan wanke hannu,
ko ni ba ya ɗaga wa ƙafa.

La'asar sakaliya kuwa ta akwati ce,
akwatin ƙarfe na yayana, marigayi Malam Ilu,
malamin firamare a Rafindadi.
Shekara tara ina ɗora buhun gero a kansa.
Na buɗe, warin kafur da tsohuwar takarda,
boko, ajami, na lissafi, wani na kiwon zuma,
ga rubutunsa da jan biro a gefen shafi:
"Nan marubucin ya yi ƙarya."
Na yi dariya har na share ido.
Ashe Ilu bai gama yi mini magana ba.

Karatuna tafiyar hawainiya,
yatsa kan layi, tabarau kan hanci,
Barira ke tare ni in na yi tuntuɓe.
Akwai labarin wani falke da ya ɓace a hanyar Agadas,
mun bi sawunsa dare shida,
ranar da zai iso gida
muka tarar gara ta cinye shafi uku na ƙarshe.
Tasalla ta ce ƙishi ya kashe shi.
Barira ta ce a'a, uwarsa ta gane shi da tabon goshi.
Lawai maƙwabci, ashe yana saurare ta bayan katanga,
ya ɗaga murya: "Ku bar shi ya iso mana, ai ya sha wuya!"
Muka bar shi ya iso.

Ba zan ce ban ji tsoro ba.
Gero ya yi ƙasa a buhu.
An kai aminina makwanci ban taka ba,
daren nan ko harafi ɗaya ban gani ba.
Amma da asuba agogon Mati ya buga,
na tashi, don ƙafa ta riga ta saba,
taku goma sha tara,
in je in dawo.

Ranar da aka buɗe gari
na miƙa wa kowa agogonsa yana tafiya daidai.
Mati ya ce, "Nawa ne?"
Na ce, "Bar shi, naka ya biya da kansa."

Yanzu a rumfa, ƙarƙashin teburin gyara,
littafin zuman nan yana ajiye.
Na kai shafi na sittin,
ni da ko amya ɗaya ban da ita.