Ƙasar Ganuwa

Da hantsi na tura amalanke bakin ganuwa,
gefen da ya zube, yamma da Anka,
inda awaki ke hawa su leƙa gari.
Na ɗaga diga. Ba ta yi gardama ba.
Shekaru sun sha ƙarfinta, damina ta lashe saura.
Lodi ɗaya, cefanen kwana biyu.

Kakana Tunau magini ne.
Shi ya ce mini ba a jefa tubali, aza shi ake,
gindi ƙasa, kai sama,
kamar zaman yaro gaban babba.
Ya ce nasa kakan ya ga ranar gayya,
unguwa da unguwa, kowa da rabonsa na bango,
mata da tulu, maza da kwando,
masu kiɗa a kan badala suna zagin ragwaye da suna.
Kududdufin da muke kama tarwaɗa a ciki,
ya ce, ramin ganuwar ne.
Duk tsawon da ka gani sama, akwai zurfinsa a ƙasa.

A bayanta gwalalo, a bayan gwalalo sarƙaƙiya
wadda ko kare sai ya yi shawara.
Da almuru a ja kyaure, a saka gungume.
Wanda ya yi dare a gona ya kwana da Allah.
Inna Hassi ta ce an taɓa rufe wa wani ango,
ya kwana yana roƙon mai ƙofa ta kafar kibiya,
mai ƙofar kuwa kawunsa ne.
Tana faɗa tana dariya har ƙwalla.
Ni ban taɓa gane abin dariyar ba.

Gidanmu ma ƙaramar ganuwa ne a da:
zaure uku, kowane ya kauce wa ɗan'uwansa
don kada idon baƙo ya miƙe,
soro mai taga kamar tsagar wuƙa,
rijiya a tsakar gida, rumbu a bayan ɗaki.
Da aka raba gado aka fasa ƙofa huɗu.
Yanzu shagon caji ne a zauren farko.

Sara na bakwai, tubali ya faɗo bai fashe ba.
Na juya shi.
Shatin hannu, yatsu huɗu da rabi,
ƙarami, bai kai na ɗiyata Tumba ba.
Yaron wa? Me ya ci rabin yatsan,
lauje ko jaki?
An ba shi fura da aka tashi?
Na sa tafina a kai, ya rufe shi ruf.
Ban saka shi a lodi ba. Na ajiye gindin aduwa,
na manta shi can, sai yanzu na tuna.

Mai sayen ƙasar yau Nomau ne,
wanda ya baro ƙauyensu bara da tabarma biyu da tunkiya.
Bai faɗi abin da ya koro shi ba, ba a tambaya.
Yana ƙara wa katangarsa kamu uku,
ya tara fasassun kwalabe zai jera a kai.
Ya ce waɗanda suka rage can
sun yi karo-karo sun haƙa rami sun kewaye gari,
ƙofa ɗaya, da magariba a ja ƙaya.

Ya damƙi ƙasar, ya murza, ya sansana.
Ya ce, ta ganuwa ce?
Na yi shiru, don mai unguwa ya hana.
Ya ce, ƙaro lodi biyu.
Wannan ta san aikin.

Na koma da la'asar.
Inuwarta ta rage da faɗin abin da na ɗiba,
awakin kuma sun sami sabuwar hanya.