Ɗigo Uku a Bakin Kirtonkhola

Fitila na rawa a gefen tabarma,
kogi na lasar ƙafafun gidansu a Barisal.
Jhorna ta buɗe littafin lissafi,
fensirinta duk tabon haƙori.

Malama Shipra ta gindaya sharaɗi biyu:
x da y in sun haɗu, kada su haura goma,
x da ninkin y kuwa, kada su zarce sha huɗu.
Ga ɗigo uku, a duba wa zai shiga inuwa.

Motaleb na zaune yana ɗinkin koma.
Ta ce, Baba, ɗauka x awaki ne,
y buhunan shinkafa,
kwale-kwalenka na da gurbi goma,
buhu ɗaya kuma nauyin akuya biyu.
Ya ce, to, loda mu gani.

Uku da huɗu.
Bakwai ke nan, akwai sauran wuri.
Uku da takwas, sha ɗaya, ruwa bai ko ɗaga gira ba.
Ta zana masa alamar shiga.

Biyu da bakwai.
Tara, ƙofar farko ta buɗe baki har kunne,
har ta ɗaga fensir za ta wuce.
Baba ya yi gyaran murya.
Biyu da sha huɗu, sha shida.
Ashe mai gadi na biyu bai yi barci ba.
Wuri ya isa, nauyi ya ƙi,
wanda ya ci ɗaya ya faɗi ɗaya
a bakin gaɓa zai kwana.

Shida da huɗu.
Goma cif. Sha huɗu cif.
Ɗigon ya tsaya daidai mahaɗar layi biyu
kamar zalɓe a kan turke.
Ta leƙa zanen: layin a haɗe yake, bai tsinke ba,
wato na kan iyaka ma ɗan gida ne.
Ya shiga! in ji ta.

Motaleb ya ciji zare, ya tofar.
A takarda ya shiga, ya ce, rubuta haka.
Amma gobe da asuba
buhu uku zan ɗora.
Akuya ba ta tsayawa inda aka ajiye ta,
kogi kuma bai zauna ajin Malama Shipra ba.

Ta rubuta amsar malama da baƙi sosai.
A ƙasa, can gefen shafi,
ta ɗiga wani ƙaramin ɗigo
taki ɗaya cikin inuwa,
ta hure fitila.