Haƙa Ba Rami

Ƙarfe uku na dare a Geben Zogi.
Tawa ta yi barci, ni da ƙarfen liƙi ba mu yi ba.
Injuna bakwai Arzika ya aiko daga Abijan,
jiki garau, kai matacce.
Ya ce a waya: Nomau, ba kai ne mai gyaran rediyo ba?
Yi musu kawuna.
Sai ka ce kai abin saye ne ran kasuwar Lahadi,
a layin masu albasa.

Na samo farantin tagulla, na zana masa hanyoyi
da alƙalamin da ruwa ba ya wankewa,
na tsoma shi a ruwan guba cikin tsohon kwanon Inna.
Abin da na zana ya tsaya, saura ya narke.
Na farko ya ƙone.
Na biyu ko tari bai yi ba.
Na uku na ciro masa ƙwayoyi daga dikodar da aka yar,
ƙanana kamar riɗi,
in ka yi atishawa, jika biyu ta tafi ke nan.

Kakana Barmu maƙerin farfaru ne.
Haka yake ɗauke numfashi a kan zobe
har azurfa ta gudana inda ya nufa.
Bai bar mini gona ba, bai bar mini raƙumi ba,
sai awartaki ɗaya
da hannun da ba ya rawa.

Inna ta leƙo da asuba, buta a hannu:
Wai kukan me suke yi haka?
Na ce haƙa suke.
Ta dubi daɓe, ko tsaga babu.
Ta ce: Na san masu gina rijiya,
na san yaran da suka tafi Jado neman zinariya,
da ƙasa a gashi suke dawowa, in sun dawo.
Na ce: Lissafi waɗannan suke haƙa, Inna,
kuɗin a waya yake sauka.
Ta ce: To, ka gaya musu su rage murya lokacin salla.

Sai bazara ta sauka.
Ɗakin ya zama tanderu, fankoki suna tura zafi cikin zafi.
Kuran ya tafi da azahar, ya dawo da fushi,
na biyar ya yi shiru.
Warin nan na san shi, warin kuɗi ne in sun ƙone.

Kwana uku ina zargin hannuna.
Na bi kowace hanya da allurar awo,
na tambayi kowace ƙafa: ke ce?
Na ɗaga, na liƙa, na sake ɗagawa,
shayi ya huce sau nawa, ban ƙirga ba.
Ran na huɗu na kife allon ƙarƙashin gilashi,
ga ta: ƴar tsaka, tsawon ashana,
ta shigo shan iskar fanka,
ta miƙe tsakanin hanyoyi biyu da ba sa gaisawa,
ta zama gada, ta bushe a nan.

Na kankare baƙin da reza.
Na zaro silin waya daga mataccen abin kunne,
siriri kamar gashin jariri,
na ɗinke inda wuta ta ci.
Ɗigo ɗaya na dalma. Na ɗauke numfashi irin na Barmu.
Kore ya ƙifta. Ya sake ƙiftawa.
Ya tsaya.

Arzika ya kira, wai farashi ya faɗi warwas,
wai mu ƙara haƙuri zuwa kaka.
Ni ban taɓa ganin kuɗin nan ba,
ban san nauyinsa a tafin hannu ba,
ban san ko yana ƙara in ya faɗi ƙasa ba.
Koren nan na sani.

Da la'asar Inna ta miƙo mini tsohon sangenta,
ba ta ce komai ba.
Na yanka shi gida bakwai,
na ɗaure wa kowane inji bakinsa.